Nauyin Jita Ba Shi Ne Ingancinta Ba

Akwai wata magana da ta yi kaka-gida a tsakanin samarin da ke kaɗa jita a majami'u da wuraren biki na kudancin Kaduna, tun daga Kafanchan da Kagoro har Zonkwa da Kwoi, wadda na gaji da jinta har na ga wajibi ne in ɗauki alƙalami a kanta, ita ce wai jitar lantarki ba ta cika jita ba sai ta yi nauyi, wai mara nauyi jabu ce, kuma wai daga nauyin itacen ne amo yake samun ƙarfi da dogon numfashi. Saboda wannan zance ne za ka ga dattawan ikilisiya sun tara baiko wata da watanni, sun naɗa kwamiti sun tura shi Kaduna ko Jos, sa'an nan wakilan su shiga kanti, ba su taɓa tsirkiya ba, ba su ce a haɗa da amsa-kuwwa a ji ba, illa iyaka su ɗaga wannan su ɗaga waccan kamar masu cinikin doya, su biya kuɗin wadda ta fi rinjayar hannu, su komo gida suna murna.

Jitar da nake nufi ita ce ta gaba, wadda makaɗa ke ce wa lid, mai fitowa ita kaɗai ta rera solo idan mawaƙa sun numfasa, salon da ma'abuta kiɗan rok na Amurka da Ingila suka kai matuƙa.

To, mu tambayi kanmu daga ina sautin yake fitowa. Molo da garaya da gurmi suna da ciki wanda aka rufe da fata, shi ne ke amsa motsin tsirkiya ya ƙara shi, saboda haka wanda ya saba da su yana da uzuri idan ya zaci jikin kayan kiɗa ne yake magana, sai dai ƙiyasin nasa bai inganta ba. Jitar lantarki gungumen itace ce, abin da ke sauraron tsirkiyar kuwa maganaɗisu ne da ke ƙarƙashinta, wanda aka nannaɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai, ta yadda idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a bisansa sai ya haifar da 'yar wutar lantarki, ita ce ke bin waya ta isa amsa-kuwwa. Ban ce itace ba shi da tasiri ko kaɗan ba, domin masana kansu suna da saɓani a kan gwargwadonsa, amma dogon kukan nan da ake ji a solo, wanda samari ke jingina wa nauyi, akasarinsa aikin amsa-kuwwa ne da ingancin maganaɗisu da yatsun makaɗi.

Ina zaton asalin shubuhar daga Les Paul take, jitar da kamfanin Gibson ya fitar a 1952, wadda aka sassaƙa da itace dangin maɗaci, nauyinta yakan kai kilo 4 zuwa 5, kuma ta yi suna da kaurin murya. Amma da masu wannan da'awa za su bi tarihin zuwa ƙarshensa, da sun ga cewa waɗanda aka ƙera a shekarun 1950, waɗanda attajirai ke rububinsu yau, galibi sun fi na shekarun 1970 sauƙin ɗauka, kuma shi kansa kamfanin tun farkon shekarun 1980 ya shiga huda ramuka a cikin itacen domin ya rage nauyi. A 1961 ya fitar da SG, siririya mai kimanin kilo 3, kuma da ita Angus Young na AC/DC da Tony Iommi na Black Sabbath suka cika filaye da ƙara, alhali ba wanda ya taɓa tuhumar kiɗansu da rauni. Stratocaster ta kamfanin Fender, wadda ta fito a 1954, nauyinta kimanin kilo 3 da rabi ne, ita ce a hannun Jimi Hendrix, ita ce kuma a hannun maƙwabcinmu Mdou Moctar na Nijar, wanda ya ƙera jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, yau ga shi yana zaga duniya. Bal ma dai sau da yawa nauyin jitar araha ba ya nuna komai sai falle-fallen katako da aka manne da gam aka lulluɓe da fenti mai kauri, sa'an nan aka liƙa mata sunan babban kamfani a ka. Wanda ya sayi wannan da kuɗin jama'a ya yi israfi, kuma ya tozarta amana ko da bai yi nufi ba.

Cutar ba ta tsaya ga aljihu ba. Yaron da zai tsaya daga farkon sujada har ƙarshenta, ko ya kwana tsaye a taron addu'a, ko ya kaɗa a bukukuwan Kirsimeti har zuwa Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, da kilo 5 rataye a kafaɗa guda, ba zai rasa ciwon kafaɗa da baya ba, kuma idan kafaɗa ta sage yatsu ma sukan yi nauyi. Haƙƙin jikinsa yana wuyan waɗanda suka ɗora masa.

Abin da ya kamata a sa a mizani shi ne wuyan jita, domin nan ne hannu yake wuni. Sharaɗi na farko, a tafi kanti da wanda zai kaɗa ta, ya rataya ta a tsaye, ya sake ta ya gani ko kanta zai rinjaya ƙasa, aibin da aka san SG da shi, wanda maɗauri mai faɗi yakan rage. Sa'an nan ya riƙe wuyan ya ji yadda bayansa ya zauna a tafinsa. Akwai mai kauri, akwai siriri irin na Ibanez RG da ta fito a 1987 domin masu saurin yatsu, kuma kada ya ɗauka siriri ya dace da kowa, gama mai babban hannu yakan gaji da shi. Mai gajerun yatsu, mace ko namiji, ya sani cewa tsawon tsirkiya a tsarin Gibson inci 24.75 ne, a na Fender kuwa 25.5, na farkon ya fi sauƙin miƙa yatsa da lanƙwasa tsirkiya. Ya leƙa wuyan daga kai zuwa gindi ya tabbata bai murɗe ba, domin murɗaɗɗen wuya kusan ba shi da magani. Ya danna kowace tsirkiya a kowane firet, wato ƙarafan da ke gicciye a kan wuyan, har can ƙurya inda solo yake zama, ya saurara ko akwai zuza, ya duba tazarar tsirkiya da ƙarfe a firet na 12, kada ta wuce kimanin milimita 2. Ya nemi tsirkiya mai laushi, wadda ake ce wa lamba 9, ba tare da jin kunya ba, tun da shi Iommi, wanda inji ya datse wa kan yatsu biyu a wata masana'anta a Birmingham, da masu laushi ya yi sunansa. Idan kuɗi bai kai ga Fender ko Gibson ba, to Squier da Epiphone da Yamaha Pacifica na gaskiya sun fi jabun manya nesa ba kusa ba.



Saura yanayin ƙasarmu, wanda mai kanti ba zai ambata ba. Daminar kudancin Kaduna mai ruwa ce, itace yakan sha laima ya kumbura, idan hunturu ya shigo kuma ya bushe ya tsuke, har bakin ƙarafan firet ya fito yana kartar hannu, wuyan kuma ya sauya lanƙwasa. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake juyawa domin a daidaita shi, lalle ne mai saye ya tabbata tana juyawa kafin ya biya, amma kada ya juya ta fiye da rubu'in zagaye a lokaci guda, kuma kada a bar jitar jingine a ɗakin ajiyar majami'a ƙarƙashin kwanon rufi mai zafi daga Lahadi zuwa Lahadi ba tare da jakarta ba.