Hayaƙin Taba a Wurin Taron Jama'a: Me Ya Sa Ake Hana Shi?

Wanda ya taɓa zuwa asibitinmu ya ga allo a bakin ƙofa, da hoton karan sigari an ja masa jan layi. Wasu sukan yi gunaguni, su ce: "Kuɗina, bakina, huhuna. Ina ruwan wani?" Wannan ɗan littafi amsar tambayar nan ce. Ka karanta shi a natse. In akwai wanda bai iya karatu ba a gidanku, ka karanta masa.

Hayaƙi ba ya tsayawa wurin mai shi

Idan mutum ya kunna sigari, hayaƙi iri biyu ne ke tashi. Akwai wanda ya zuƙa ya fesar, akwai kuma wanda ke tashi daga bakin karan da ke ci. Mafi yawan hayaƙin da ke cika ɗaki wannan na biyun ne, kuma bai bi ta cikin audugar da ke gindin sigari ba balle ta tace shi. Duk wanda ke zaune a wurin yana shaƙa, ko yana so ko ba ya so. Mutum yana iya ƙin abinci, yana iya ƙin ruwa, amma ba ya iya ƙin numfashi.

A cikin hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kuma wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna kawo ciwon daji, wato sankara. Uku ne ya kamata ka riƙe sunansu.

Na farko nikotin. Shi ne ke kama mutum har ya kasa bari. Yana sa zuciya ta yi sauri, yana matse jijiyoyin jini, jini ya hau.

Na biyu kwalta. Ita ce baƙin dattin da ke rine haƙora da yatsun mashayi. A cikin hanyar numfashi akwai wasu 'yan ƙananan gashi da Allah ya sa su riƙa share ƙura da majina zuwa waje. Kwalta tana kashe musu ƙarfi, sai datti da ƙwayoyin cuta su zauna a huhu.

Na uku iskar guba da ake kira kabon monoksaid. Ita ce dai iskar da ke kashe mutanen da suka kwana da garwashin gawayi ko janareto a ɗaki rufe. Tana shiga jini ta ƙwace gurbin iska mai kyau, sai zuciya ta yi ta wahala, jiki yana samun kaɗan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. A cikinsu, fiye da miliyan 1 ba su shan taba. Hayaƙin wasu ne suka shaƙa.

Su wa suka fi shan wahala?

Yara ƙanana su ne na farko. Babba yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, jariri kuwa yakan yi sau 30 zuwa 60. Ka ga ke nan a ɗaki ɗaya jariri ya fi babba yawan jan hayaƙin, ga huhunsa bai gama ƙwari ba, ga shi ba ya iya tashi ya fita. Yaran da ke girma cikin hayaƙin taba sun fi yawan kamuwa da ciwon huhu, da tari mai naci, da ciwon kunne mai fitar da mugunya. Wanda yake da asma, hayaƙi yana tayar masa da ita. Jariran irin wannan gida kuma sun fi shiga haɗarin mutuwar farat ɗaya cikin barci.

Na biyu mata masu ciki. Abin da uwa ta shaƙa yana bin jini ya isa ga ɗan da ke ciki. Hayaƙin maigida kaɗai yana iya sa a haifi jariri ɗan ƙarami, marar nauyi, ko a haifi bakwaini. Mu da ke aiki a ɗakin haihuwa mun san wahalar rainon irin waɗannan jarirai, musamman lokacin hunturu.

Na uku tsofaffi da masu hawan jini da ciwon zuciya. Wanda ba ya shan taba amma yana zama da mai sha, haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100, na sankarar huhu kuma da kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Ga wanda zuciyarsa ta riga ta raunana, ko zama na ɗan lokaci cikin hayaƙi yana iya sa jini ya yi gudaji ya toshe jijiya.

Na huɗu masu tarin fuka. Huhun da hayaƙi ya raunana ya fi saurin kamuwa, kuma ya fi jinkirin warkewa. Mai shan maganin tarin fuka na wata 6 da ke kwana cikin hayaƙi, kamar mai ɗiban ruwa ne da kwando.

Kada mu manta da masu neman abinci a wurin taro: mai shayi, yarinyar da ke raba abinci a gidan cin abinci, yaron mota, mai sayar da tikiti a tasha. Mai saye yakan zauna rabin sa'a ya tafi. Su kuwa suna nan daga safe har dare.

Me doka ta ce?

A shekarar 2003 ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya domin rage cutar taba. Ta fara aiki a 2005, kuma yanzu ƙasashe fiye da 180 suna cikinta. Sashe na 8 ya ɗora wa gwamnatoci nauyin kare jama'a daga hayaƙin taba a wuraren aiki, da motocin haya, da gine-ginen da jama'a ke shiga.

Kamaru ta shiga yarjejeniyar a 2006, kuma an hana shan taba a asibitoci da makarantu. Nijar ta yi dokarta ta yaƙi da taba a 2006, Cadi a 2010, Gana a 2012, Nijeriya a 2015. Dokar Nijeriya ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka ɗan kasuwa ko mai fatauci da ke tsallaka iyaka, ya san cewa ko'ina ya nufa a kewayenmu maganar ɗaya ce.

Shin hanin yana aiki? Ƙasar Ailan ce ta fara hana shan taba a dukan wuraren aiki na cikin gini, a 2004, har da mashaya. Sikotlan ta bi sahu a 2006. Likitocin can suka ƙidaya waɗanda ake kwantarwa a asibiti saboda bugun zuciya, suka ga sun ragu da kashi 17 cikin 100 a shekarar da ta biyo baya, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira ba mashaya taba ba ne. Ba a raba musu wani sabon magani ba. Iskar da suke shaƙa ce ta gyaru.

Amma ka san halin ƙauye. Doka tana rubuce a babban birni, jandarma kuwa ba zai zo ya tsaya a zauren gidanku ba. A wurinmu dokar da ke aiki ita ce wadda mai gari, da dattawa, da fasto, da liman, da iyaye mata suka riƙe.

Maganganun da mukan ji

"Haƙƙina ne." Gaskiya ne, babu wanda ya bi ka gonarka ya ƙwace maka sigari. Amma ka duba randar gidanku. Kana da haƙƙin sha daga cikinta, ba ka da haƙƙin wanke hannu a ciki, domin kowa daga nan yake sha. Iskar ɗaki ma randa ɗaya ce.

"Ai na buɗe taga," ko "Na koma can kusurwa." Hayaƙi bai san kusurwa ba. Taga da fanka suna rage wari, ba sa kawar da guba. Kuma hayaƙin yana maƙalewa a tufafi, da labule, da katifa, da tabarmar da yaro ke rarrafe a kai. Masana sun ce babu wani gwargwadon hayaƙin taba da za a kira marar lahani. Mafita ɗaya ce: a fita waje, nesa da ƙofa da taga.

"Kakana ya sha taba har ya kai shekara casa'in." Allah ya ba shi rai. Amma ka tambayi tsofaffi abokansa nawa tari ya ɗauke tun da sauran ƙarfinsu. Wajen rabin waɗanda suka dawwama a kan taba, ita ce ke zama ajalinsu.

"Hayaƙin murhu fa? Shi ba hayaƙi ba ne?" Shi ma yana cutarwa, shi ya sa muke roƙon a yi girki a waje ko a madafa mai taga, kada a goya jariri ana hura wuta. To amma murhu yana ba mu tuwo. Sigari me yake ba mu? Hausawa sun ce taba ta bambanta da garin gero. Huhun da ke fama da hayaƙin itace, bai kamata a ƙara masa wani kaya ba.

"Shisha ai ruwa ya wanke ta." Wannan magana ta yaɗu cikin samari a garuruwa irin su Ngaundare da Garwa da Marwa. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai. Mai zaman shisha na sa'a ɗaya yana zuƙar hayaƙi mai yawan gaske, fiye da na karan sigari ɗaya nesa ba kusa ba, ga gubar gawayin da ke ci a kai, ga kuma bakin tiyo ɗaya da ke yawo daga baki zuwa baki.

Abin da za ku iya yi

A gida: ku yanke shawara cewa ba a shan taba a ɗakin kwana, ko a zaure, ko kusa da yaro da mai ciki. A lokacin sanyi, sa'ad da ake rufe ƙofofi, a nan ne ya fi muhimmanci. Kada ka aiki yaro sayen sigari, kada ka ba shi ya kunno maka a murhu. Abin da yaro ya saba riƙewa, wata rana zai kai baki.

A majami'a da masallaci: dattawa su sanar cewa harabar wurin ibada, da wurin biki, da zaman makoki, da taron suna, ba wurin taba ba ne. Zumuntar mata da ƙungiyar matasa za su iya ɗaukar wannan aiki. Ranar 31 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da taba ta duniya, lokaci ne mai kyau na yin wannan magana a gaban jama'a. Kirista da Musulmi duka an koya mana cewa rai amana ne, kuma ba a cutar da maƙwabci.

A mota da tasha: in wani ya kunna, kada ka fara da zagi. Ka ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri, akwai yara a motar," ko "Baba, a taimaka, ƙirjina ba lafiya." Mafi yawan mutane sukan kashe. In ya ƙi, ka yi wa direba magana. Shugabannin tasha kuma su maƙala sanarwa, domin idan akwai allo, allon ne ya yi magana, ba sai an yi rigima ba.

A shago da wurin mai shayi: mai wuri yakan ji tsoron rasa ciniki. Ka tuna waɗanda ba su shan taba sun fi masu sha yawa ƙwarai. Ka ajiye benci can ƙarƙashin itace domin mai son sha.

A asibiti: ba a shan taba ko'ina cikin haraba, har da bayan gida da rumfar 'yan jinya. Bayan cutar da marasa lafiya, akwai tukwanen iskar numfashi da ke sa wuta ta tashi nan take.

Ga kai mai shan taba

Ba mu ɗauke ka abokin gāba ba. Mun san nikotin yana da ƙarfi, kuma da yawa sun fara tun suna samari ba su san inda za ta kai su ba. Fita waje domin iyalinka mataki ne babba. In kuma kana so ka bari gaba ɗaya, jikinka a shirye yake. Cikin minti 20 bugun zuciya yakan fara sauka. Cikin sa'a 12 iskar gubar nan takan ragu a jini ta koma daidai. Bayan shekara ɗaya, haɗarin ciwon zuciya yakan ragu da wajen rabi.

Ka yi lissafin kuɗi ma. A ce kara ɗaya sefa 25 ne, kana shan 10 a rana. Sefa 250 ke nan kullum, 7,500 a wata, fiye da 90,000 a shekara. Ka auna wannan da kuɗin makarantar yaro ko taki.

Ka sa rana, ka gaya wa iyalinka da abokanka. Ka zubar da abin da ya rage, kada ka ajiye ko kara ɗaya. Kwanakin farko za ka ji fushi, da ciwon kai, da rashin barci, amma sukan ragu cikin mako biyu zuwa huɗu. Idan sha'awa ta taso, ka sha ruwa, ka tauna asawaki, ka tashi ka yi tafiya, cikin 'yan mintoci za ta wuce. Kada ka koma wa taba gari ta baki ko ta hanci, ita ma nikotin ce, kuma tana kawo sankarar baki. In ka faɗi, ka sake tashi. Da yawa sai da suka gwada sau da dama kafin su ci nasara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku zo asibiti ba tare da jinkiri ba idan:

- yaro yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki, ko ya kasa shan mama;
- tari ya wuce mako biyu, ko akwai jini a majina, ko zufan dare da rama;
- akwai ciwon ƙirji mai nauyi, ko numfashi yana yankewa;
- baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun mutu farat ɗaya;
- akwai gyambo a baki da ya ƙi warkewa.

Mai son barin taba shi ma ya zo, ya nemi ma'aikacin jinya, za mu zauna da shi. In ka gama karanta wannan littafi, ka miƙa wa maƙwabcinka. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, ya kiyaye 'ya'yanmu. Amin.