Gaskiya ko Jita-jita: Shin Agogon Turbo Ba Ya Ƙarya?

Masu motoci da dama kan sayi agogon auna matsin iskar turbo, su sa bakanike ya ɗaura musu. Da zarar allura ta nuna abin da ba su saba gani ba, sai hankali ya tashi, a fara maganar sauke turbo. Ga wasu maganganu da ake yawan ji a gareji.

"Allura ta faɗi ƙasa da sifili a silo, turbo ya mutu." Jita-jita ce. A injin fetur, idan ba a taka totur ba, inji zuƙar iska yake ta ƙofar totur da ke kusan a rufe, don haka allura kan zauna wajen -0.6 zuwa -0.7 na ma'aunin bar. Wannan alamar lafiya ce. Injin dizal kuwa, irin na Hilux, kusa da sifili yake tsayawa a silo.

"Ko'ina aka jona tiyon agogon, daidai ne." Ba haka ba ne. Wurinsa shi ne manifol, bayan ƙofar totur. Idan aka jona shi kafin ƙofar, allura ba za ta sauka ƙasa da sifili yadda ya kamata ba, kuma abin da take nunawa ba shi ne ke shiga inji ba.

"Agogo ya nuna matsi ya ragu, ƙarfin turbo ya tafi." Ba lallai ba ne. Sau da yawa ɗan siririn tiyon ne ya tsage saboda zafin inji, ko ya lanƙwashe inda ya ratsa zuwa cikin mota, ko mahaɗarsa ta saki. A bi shi da hannu daga farko har ƙarshe. Agogo mai lantarki kuma a duba wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, domin tsatsa a wurin kan rikita shi. Allura mai karkarwa sau da yawa bugun iskar manifol take bi, kuma ɗan matsewa a cikin tiyon kan kwantar da ita.

"Kwamfutar gwaji da agogo sun saɓa, ɗaya na ƙarya." Wataƙila duka biyun gaskiya suka faɗa. Kwamfutar OBD2 tana haɗawa da nauyin iskar sarari, kusan bar 1 a bakin teku, shi kuwa agogo daga sifili yake fara ƙirga. Idan kwamfuta ta ce 1.8 a Legas, agogo zai ce kusan 0.8. A wuri mai tudu kamar Jos, abin da ake cirewa bai kai bar 1 ba.

"Inji a kashe, allura ta zauna kan sifili." Wannan gaskiya ce, kuma shi ne gwajin farko. Idan ta kauce, laifin na agogo ne.

Kada a bari a kwance turbo sai an gama waɗannan gwaje-gwajen. Amma idan agogo ya tabbata lafiya kuma matsi ya wuce kima, a ɗaga ƙafa daga totur a nemi ƙwararren bakanike, domin matsin da ya yi yawa yana iya kashe inji.