Kifin gishiri: cimakar da ta riƙe Amurka tun farkonta



Kowa a cikinmu ya san banda. Ana kawo ta daga Tafkin Cadi, mata su sa a miya, tuwo ya shiga. Yau za mu ƙetare teku, mu ga abin da busasshen kifi ya yi wa ƙasar Amurka shekara 200 zuwa 400 da suka wuce. A zamanin nan babu firji, babu mota. Kifi kuwa bai san jira ba. In an kama shi da safe ba a gyara ba, kafin gobe ya yi wari. Kuma yana da lokacin zuwansa, kamar damana. Wanda ya iya ajiya, shi ke ci har shekara ta kewayo.

Masu ƙasa na asali

Tun kafin Turawa su je, ƙasar tana da masu ita. A yammacinta akwai wani babban gulbi, Kolombiya. Kowace shekara wani kifi mai jan nama, ana ce da shi salmon, yana barin teku ya hau gulbin don ya yi ƙwai. Maza su kama, mata su tsaga shi su shanya inda iska ke kaɗawa. In ya bushe sai su daka shi, su danna cikin kwanduna da aka shimfiɗa wa fatar kifi. A 1805 wasu matafiya biyu da gwamnatin Amurka ta aika, Luwis da Kilak, suka iske kwandunan nan jibge a bakin gulbi. Kowane ɗaya ya kai kilo 40 zuwa 45. Mutanen wurin suka shaida musu dakakken kifin yana shekaru bai lalace ba. Shi suke ci lokacin ɗari, da shi kuma suke musaya da mutanen nesa.

Baƙi daga Ingila

Mu koma gabashin ƙasar, inda jiragen Turawa suke sauka. Tekun wurin cike yake da wani kifi mai farin nama. Turawan Ingila na ce masa kod, Faransawa na ce masa mori. A 1620 mutum 102 suka iso daga Ingila, suka kafa gari mai suna Filimas. Kafin ɗarin farko ya wuce, wajen rabinsu sun mutu da yunwa da ciwo. A 1621 wani ɗan ƙasa, Tiskwantam, ya nuna musu yadda ake bizne ƙananan kifaye cikin ramin shuka, su zama takin masara.

Amma ƙasar yankin, wato Masacusets, duwatsu gare ta, sanyi kuma ya daɗe bai tafi ba. Noma kaɗai ba ya riƙe gida. Sai baƙin suka mai da teku gonarsu.

Yadda suke gyara kifin

1. A cire kai da hanji tun kifin yana sabo.
2. A tsaga shi, a zare ƙashin baya, a buɗe shi kamar fata.
3. A jera: kifi, gishiri, kifi, gishiri, a bar shi ruwansa ya tsiyaye.
4. A wanke, a shanya bisa rumfar itace, sama da ƙasa, don iska ta bi ta ƙarƙashi.
5. A riƙa juyawa. In hadari ya taso, a tattara a rufe.

Kod ba shi da mai, shi ya sa yake bushewa ƙarau kamar katako, ya yi wata da watanni. Mai dafuwa sai ta jiƙa shi ya kwana cikin ruwa, gishirin ya fita. Kifi mai maiƙo kuwa, irin wanda ake kira herin, shanya ba ta isar masa. Shi cikin tano na katako ake danna shi da gishiri.

Wa ke cin mai kyau?

In kifi ya bushe sai a zaɓe. Na ɗaya, fari tas, a kai shi Sifen da Fotugal da Italiya, inda Kiristoci ƴan Katolika ba su cin nama ranar Juma'a da lokacin azuminsu. Na ƙarshe, wanda ya karye ko gishiri ya ƙona, a loda shi zuwa tsibiran Karebiyan, irin su Jamaika da Barbados. A can akwai gonakin rake, masu aiki a ciki kuwa bayi ne da aka kamo daga Afirka. Iyayengijinsu sun shuke ƙasa da rake, saboda haka suna sayo musu cimaka mafi araha.

Jiragen su komo da baƙin ruwan rake mai kauri. Da shi ake dafa barasa. Wani kashi na barasar a kai gaɓar tekun Afirka ta Yamma a sayo waɗansu bayin. Kun ga yadda kifi ya shiga cikin cinikin mutane. Har yau sanannen abincin Jamaika kifin gishiri ne da ɗan wani itace, aki, wanda asalinsa daga Afirka ta Yamma aka kai shi.

Gonar Washinton

Joji Washinton, wanda ya zama shugaban Amurka na farko a 1789, yana da gona a bakin gulbin Fotomak. Cikin Afirilu da Mayu, herin na hawa gulbin na ƴan makonni kawai. Sai a bar aikin gona, bayinsa su ja taru, su tsaga, su zuba gishiri dare da rana. A 1772 sun kama fiye da miliyan 1. Wani a sayar, wani a aje don rabon bayi: wajen kifi 20 a wata ga mutum ɗaya, da garin masara. Gishirinsa daga Lisbon ta Fotugal yake so a kawo masa, don ya gane gishiri marar ƙarfi asarar kifi ne.

Kifi a teburin sulhu

Da rigima ta tashi tsakanin Ingila da mutanenta na Amurka, a 1775 majalisar Ingila ta hana masuntan yankin su a tekun Niyufanlan, inda kod ya fi yawa. Ta san inda za ta taɓa su ji zafi. Da aka zo sulhu a birnin Faris a 1783, wakilin Amurka Jon Adams ya tsaya kai da fata sai an rubuta musu izinin su a can, da izinin shanya kifi a wasu gaɓoɓin da ba kowa. Aka rubuta. A 1784 aka rataya kod na katako a zauren majalisar Masacusets, yana nan har yau.

Tsibiran rake su ne suka sha wuya. Yaƙi ya tsinke hanyar kifi, bayan yaƙi Ingila ta hana jiragen Amurka shiga tsibiranta, ga guguwa ga fari. Majalisar Jamaika ta ƙiyasta bayi 15,000 sun mutu da yunwa da cututtukanta tsakanin 1780 da 1787. Wanda cimakarsa ke hannun wani, ranar da aka rufe hanya shi ke fara kwana da yunwa.

Tekun ma ya gaji

Mutanen da sun ɗauka kod ba ya ƙarewa. Daga baya manyan jiragen inji suka riƙa kwashe babba da ƙarami. A 1992 gwamnatin Kanada ta rufe sun kod a Niyufanlan, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a.

To, ƴan uwa na Madarumfa da Tabalak da Gaya, kifinmu daban, ranarmu ta fi tasu zafi, amma dokar ajiya ɗaya ce. A gyara shi tun yana sabo. Kada a yi rowar gishiri. A ɗaga shanya daga ƙasa, a kare ta daga ƙuda. In banda ce, a bar ta ta ƙyafu sosai. A bar ƙananan kifi cikin ruwa su girma, don ƴaƴanmu su ma su iske abin su.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika mana rumbu da tafki. Amin.