Jirgin da ya cika talabijin da jirgin da aka manta

Mu nan yawancinmu ba mu taɓa shiga jirgin ruwa na teku ba, amma wayoyinmu kullum suna kawo mana labarinsu, musamman manyan jiragen shaƙatawa, waɗanda masu hali ke biyan kuɗi su yi mako guda suna yawo a kan ruwa. Ɗalibai sukan tambaye mu: Malam, wai da gaske ne? Amsar ita ce sau da yawa abin ya faru ɗin, sai dai girman da aka ba shi ne ke buƙatar awo.

Mu ɗauki jirgin Carnival Triumph. Ranar 10 ga Fabrairu 2013 gobara ta tashi a ɗakin injinsa a mashigin tekun Meziko, da mutum sama da 4,000 a ciki. An kashe wutar, amma lantarki ya ɗauke, injin ya tsaya, ban-ɗakuna suka toshe, ƙazanta ta malalo. Sai da aka jawo shi da ƙananan jirage zuwa tashar Mobile ta Amurka, ya isa ranar 14 ga watan. Wahala kam an sha, ga wari ga zafi ga layin abinci. Amma ko rai ɗaya ba a rasa ba. Duk da haka tashar CNN ta tura jirgi mai saukar ungulu, ta yini tana nuna shi kai tsaye kamar ana yaƙi, har ƴan jarida ƴan'uwansu suka riƙa yi musu dariya.

To, a ajiye wannan a gefe, a dubi Le Joola. Jirgin fasinja ne na gwamnatin Senegal, ya taso daga Ziguinchor zai je Dakar, ya kife a gaɓar Gambiya daren 26 ga Satumba 2002. An yi shi ne don ɗaukar mutum ƙasa da 600, aka loda masa ninkin haka fiye da uku. Ƙididdigar hukuma ta ce mutum 1,863 suka rasu, 64 kacal suka tsira, kuma masunta ne da kwale-kwalensu suka fara kai ɗauki. Wannan adadi ya zarce na Titanic, wanda ya ci kimanin 1,500 a 1912. Amma tambayi yaro a makaranta, Titanic ya sani, Joola kuwa sai ya yi shiru. Haka nan Al-Salam Boccaccio 98, wanda ya nutse a Bahar Maliya a Fabrairun 2006 tsakanin Duba ta Saudiyya da Safaga ta Masar. Sama da mutum 1,000 suka tafi, galibinsu ma'aikata masu komawa gida, har da alhazai. Allah Ya jiƙan su.

Me ya kawo wannan bambanci? Ba lallai sai an ce mugunta ba. Tashar da ke watsa labari awa 24 tana rayuwa ne da talla, talla kuwa yawan masu kallo take bi. Triumph ya zo mata da duk abin da take so: yana tafiya a hankali ana iya binsa da kyamara, fasinjojin suna jin Turanci, suna da waya, suna aiko hotuna, danginsu na tsaye a bakin tasha suna jiran a miƙa musu makirufo. Joola kuwa cikin dare ya kife, cikin ƴan mintuna, babu mai ɗauka. Inda babu hoto, editan talabijin ba ya daɗewa.

Illar zuzutawa takan fito ne daga baya. Wanda aka tayar wa hankali sau uku a kan toshewar ban-ɗaki, ranar da babban abu ya faru sai ya ce ai halinsu ne. Ga shi kuma babban abin yakan faru. Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairu 2012, mutum 32 suka mutu, kotu ta yanke wa kyaftin ɗin, Francesco Schettino, ɗaurin shekara 16. A nan kuma akwai wani abin lura, domin kada wani ya ɗauka cewa idan ƴan jarida sun yi ƙari, to maganar masu jirgi ce gaskiya. A daren nan, ruwa na shiga jirgin, sanarwar da aka fara yi wa fasinjoji ita ce matsalar lantarki ce kawai. Wani ribarsa ya kambama, wani ribarsa ya rage.

Ɗaliban hadisi sun san cewa ba a tsayawa kan daɗin lafazi, sai an tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riski abin ko bai riska ba. Irin wannan tambayar ce ke aiki a nan. Idan aka ce "bala'i", a nemi adadi: mutum nawa suka rasu, nawa suka jikkata, wace hukuma ta faɗa? A duba kwanan wata, don bidiyon Concordia har yau yakan zagayo a WhatsApp kamar jiya ya faru. Sannan a yi haƙuri da labarin ranar farko, shi ne mafi rauni. Kowane jirgi yana da ƙasar da aka yi masa rajista, ita ce ke jagorantar bincike. Na Triumph ƙasar Bahamas ce ta jagoranta tare da hukumomin Amurka, aka gano bututun mai ne ya yi yoyo a kan wuri mai zafi. Irin wannan rahoto yakan fito bayan watanni, lokacin da kyamarori sun daɗe da tashi.

Concordia dai an kashe maƙudan kuɗi an ɗago shi, aka ja shi zuwa Genoa a Yulin 2014 aka wargaza. Joola yana nan a ƙarƙashin ruwa, iyalan mamatan suna ta roƙon a ciro shi.