Na'urar Da Ke Ƙera Kayan Roba A Cikin Ɗaki

Idan maɓallin fanka ya karye a ɗakin ɗalibi a Gyallesu, ko ya zaga kasuwar Sabon Gari da wuya a sayar masa da maɓallin shi kaɗai. Yanzu kuwa akwai wata 'yar na'ura da masu sha'awa ke ƙera irin waɗannan ƙananan kaya da ita a gida. Mutum zai auna abin da ya karye, ya zana siffarsa a kwamfuta, sa'an nan na'urar ta narka zaren roba a zafin digiri 200, ta riƙa ɗora shi hawa-hawa kamar mai ginin tukunya.

Da can sai kamfanoni ke iya sayenta. A 2005 Dokta Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya soma aikin ƙera mai araha, ya bayar da zanenta kyauta. Da haƙƙin mallakar fasahar ya ƙare a 2009, sai farashi ya faɗi.

Sai dai Zariya tana da nata sharuɗɗan. Aikin yakan ci awoyi, in aka ɗauke wuta ana tsakiya galibi ya ɓaci ke nan. Robar da aka fi amfani da ita, watau PLA, takan yi laushi a wajen digiri 60, saboda haka abin da aka manta cikin mota da ranar Afrilu yana iya lanƙwashewa.