Ruwa-biyu a Fadamun Amurka: Baƙar Agwagwa ce ko Malad?

A fadamun ruwan gishiri na gabashin Amurka, daga jihar Maine har mashigin Chesapeake, doka ta yarda maharbi ya fara harbin agwagwa rabin sa'a kafin fitowar rana. Duk wanda ya taɓa zama a maɓoya a wannan lokaci, sanyin Disamba na ratsa masa ƙashi, ya san ido ba ya rabe launi sosai. Amma a hakan ake so ya gane abin da ya auna, domin kowace irin agwagwa da adadin da aka ƙayyade masa a rana.

Agwagi biyu ne suka fi ba mu wahala. Ta farko malad. Toronta ba ya ɓuya: koren kai mai sheƙi, farin zobe a wuya, da gashin jela da ya naɗe sama. Macen kuwa ruwan ƙasa ce mai dabbare-dabbare. Ta biyu ita ce baƙar agwagwar Amurka, wadda mace da namiji kusan kamarsu ɗaya: jiki ruwan makuba mai duhu, kai da wuya sun ɗan fi haske, ƙarƙashin fiffike fari tas. Idan tana shawagi, farin nan kan walƙa a jikin duhun, kuma da shi tsofaffin maharba ke gane ta tun daga nesa.

Matsalar ita ce su biyun suna barbarar juna, 'ya'yan kuma suna haihuwa. Ba haka abin yake da agwagwar gidajenmu ba, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne. Idan ta haɗu da jinin malad, abin da aka ƙyanƙyashe ba ya haihuwa. A nan kuwa ruwa-biyu kan koma ya auri malad ko baƙa, jikoki su fito kowanne da irin kamarsa.

A da malad da baƙa ba su cika haɗuwa ba. Malad ta filayen yamma ce, baƙar kuma ta dazuzzukan gabashin Kanada da gaɓar Atlantika. Sare dazuka don noma ya buɗe wa malad hanya, sannan ƙungiyoyin maharba da hukumomin wasu jihohi suka yi ta sakin malad na kiwo a gabas shekara da shekaru. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980 yawan baƙar agwagwa ya ragu da fiye da rabi. A 1983 aka tsaurara doka, har ya zama ɗaya tak ake yarda mutum ya harba a rana. Sai a 2017 aka mayar da su biyu.

To yaya ake gane ruwa-biyu? Ni dai ban yarda da wanda zai ce yana gane shi a sama kullum ba. Sai an riƙe a hannu, kuma fiffike nake fara buɗewa. A bayan kowane fiffike akwai wani tambari mai ƙyalli. Na malad shuɗi ne, an yi masa iyaka da fararen layuka biyu masu kauri, gaba da baya. Na baƙar agwagwa ya fi karkata ga shunayya, iyakarsa baƙa ce. In ma akwai fari, ɗan siriri ne a gefen baya. Idan ka ga jiki mai duhu, amma ga farin layi a gaban tambarin, siriri ko a gutsure, to akwai jinin malad. Daga nan a juya fiffiken. A daidai gwiwarsa ta ciki baƙar agwagwa tana da tarin gashi masu duhu, malad kusan babu, ruwa-biyu kuma 'yan kaɗan.

Toron ruwa-biyu shi ne mai sauƙi. Za ka ga kore ya ɗiga masa a bayan ido ko ƙeya, ƙirjin ya yi ja-ja, gashin jela ya fara lanƙwasa bai gama naɗewa ba. Sai dai a yi hattara a farkon kaka, domin matashin toron malad da bai gama sake gashi ba shi ma kansa kore ne rabi da rabi. Fararen layukan fiffikensa cikakku da hasken jelarsa su ke tona shi. Mace ce mai wuyar sha'ani. Bakin macen malad ruwan goro ne da baƙin tabo a sama, na baƙar kuma kore-kore ne marar haske. Ta tsakiya sai ta ɗebo nan ta ɗebo can, har masana kan yi saɓani a kanta.

Hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka kan aika wa zaɓaɓɓun maharba ambulan, su sako fiffike ɗaya daga kowace agwagwa da suka harba. Masana su taru su tantance su ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan lissafi na cikin abin da ake dubawa wajen tsara dokar shekara mai zuwa. Binciken ƙwayoyin gado da Philip Lavretsky da abokan aikinsa suka yi ya nuna baƙar agwagwa ba ta narke cikin malad ba kamar yadda aka ji tsoro, kuma na ji daɗin wannan labari ƙwarai. Malad ɗin gabas ne ma aka tarar jininsu ya cakuɗe da na kiwo.

Yadda ake lissafa ruwa-biyu a cikin kason rana ya danganta da dokar wurin, don haka a karanta littafin dokar jiha kafin a fita. Nawa tsarin shi ne, duk agwagwa mai duhu na lissafa ta a baƙa. Idan na cika biyu, kowace mai duhu ta zo sai in sauke bindiga in jira mai koren kai.