Yaƙin Hitila a Yamai: ba a yi harbi ba, amma an ji jiki

Ko sau ɗaya ba a gwabza faɗa a titunan Yamai ba a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira yaƙin Hitila. Amma daga 1939 zuwa 1945 yaƙin ya shiga rumbun talaka, ya taɓa suturarsa, ya kuma ɗauke masa ɗa. Yamai a lokacin ƙaramin gari ne a bakin kogin Isa, don sai a 1926 Faransawa suka mayar da fadar mulki can daga Damagaram. Daga ofishin gwamna umarni yake fita, ya sauka kan kwamandan yanki, kwamanda ya ɗora wa sarki, sarki ya ɗora wa mai gari, mai gari kuma ya bi gida-gida.

Ɗibar soja ta girmi yaƙin. Tun 1919 doka ta wajabta wa samarin Afirka ta Yamma ta Faransa aikin soja na shekara uku. Kowace shekara a tara su, likitan soja ya auna, waɗanda aka samu da lafiya a jefa musu ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa ya sa kaki, saura a ajiye sunansu, ana iya kiransu aikin gwamnati ko wane lokaci. A takarda adalci ne. A aikace sarki ne ke kawo mutanen da za a auna, kuma sau da yawa ɗan marar galihu ko jikan bawa ake turawa. Da yaƙi ya ɓarke aka ƙara yawan ɗiba, aka kuma kirawo waɗanda suka gama wa'adinsu. Duk an zuba su cikin rundunar da Faransa ta laƙaba wa sunan Sanigal, ko da yake akwai Bazabarme a ciki, da Bahaushe, da Bamoshe.

A watan Yunin 1940 Jamus ta ci Faransa. Dubban sojojin Afirka suka faɗa hannu, aka tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta, wasu kuwa, kamar a Shasale kusa da Liyon, sojojin Jamus suka kashe su bayan sun ajiye makami.

Nan ne rayuwar gida ta dagule. Babban gwamna da ke Dakar, Piyer Buwason, ya bi gwamnatin Bishi ta Marashal Petan. A watan Agusta gwamnan Cadi, Filis Ebuwe, ya bi Janar Digol, mai adawa da gwamnatin Bishi. Sai Nijar ta wayi gari da abokin gaba a gabas, ga kuma Najeriya ta Ingila a kudu. Iyakar da ta ratsa tsakanin Maraɗi da Katsina, tsakanin Ƙonni da Sakkwato, wadda mutane ba su taɓa ɗauka da muhimmanci ba, ta zama bakin daga. Gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta saba bi ta Kano ta hau jirgin ƙasa. Samarin Zabarma sun saba tafiya ci-rani Kumasi da Ankara, nan ma ƙasar Ingila ce. Kayan Turai da ke zuwa Yamai ta Kwatano da Faraku suka ja baya, saboda jiragen ruwan Ingila sun tare teku. Yadi ya yi wuya, haka sukari, kananzir da man mota. Masaƙa suka sake samun kasuwa, 'yan fasa-ƙwauri suka bi daji da jakuna da raƙuma cikin dare, kuma ƙauyukan bakin iyaka suka gane cewa in lanho ko aikin dole ya yi tsanani, tafiyar dare ɗaya ta isa mutum ya fita daga hannun kwamanda. A daidai lokacin, ƙetaren iyakar, jiragen yaƙin Ingila na sauka Kano a hanyarsu daga Takoradi zuwa Masar, daga baya kuma aka kwashi Hausawan Najeriya zuwa Bama.

Mutum zai zaci sauƙi ya zo da Afirka ta Yamma ta juya ta bi ƙawancen Ingila da Amurka a watan Nuwambar 1942. Ina! Yanzu ne ma aka ce kowa ya kawo nasa don ƙwato Faransa: hatsi, dabbobi, kuɗi, da ƙarin samari. Ga rumbunan tsimi da aka tilasta bayan yunwar 1931, inda manomi ke zuba geronsa amma ba shi da ikon buɗewa. Wanda ya yi gardama, dokar 'yan ƙasa ta ba kwamanda ikon jefa shi kaso ba tare da shari'a ba, gardi kuma ba ya jiran a faɗa masa sau biyu. A ganina wannan ne ya fi cin ran mutane: mulkin da ke kiran kansa mai yaƙin 'yanci bai sassauta wa talaka komai ba.

Sojojin Afirka na cikin waɗanda suka sauka gaɓar kudancin Faransa a watan Agustan 1944. Kafin sanyi ya shigo aka janye da yawansu aka sa Turawa a gurbinsu. Ranar 1 ga Disambar shekarar, a sansanin Caroyi kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka, tsofaffin fursunonin yaƙi, da ke neman bashin albashinsu. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda kisan kiyashi ne.

A 1946 aka soke dokar 'yan ƙasa, a watan Afrilu aka haramta aikin dole, a watan Mayu kuma aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda su Diori Hamani, Bubu Hama da Jibo Bakari suka yi fice a cikinta. Ba sai an koya wa manomi abin da jam'iyyar ke kuka a kai ba, ya gani a rumbunsa. Kaki kuma ya zama sana'a ga wasu: Seyni Kunce ya shiga sojan Faransa a 1949, ya yi aiki a Indocina da Aljeriya, shi ne kuma ya kifar da gwamnatin Diori ranar 15 ga Afrilun 1974.

Mazan jiya kuwa, a 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshonsu a inda yake ranar samun 'yancin kai, na abokan yaƙinsu Faransawa yana ta hawa. Ba a daidaita shi sosai ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan waɗanda suka yi yaƙin Hitila sun riga mu gidan gaskiya.